Allon da Aka Jefa a Buhu

Ni ban yi boko ba, ban kuma taɓa ɓoye wa kowa hakan ba. Amma kafin mai gyaran nan ya taɓa kwamfutar Auta sai da na tambaye shi, na sake tambayarsa, ya ba ni amsa yana dariya. Wannan dariyar ce ta fi tsaya mini a wuya har yau.

Auta ɗana ne, shi ne na ƙarshe. Mota ce ta kwashe shi a kan babur yana dawowa gida, ko asibiti bai kai ba. Ya bar ni, ya bar matarsa, ya bar wata baƙar kwamfuta a ƙarƙashin tebur, a ɗakin da ya bi ya manna wa kwalayen ƙwai a bango wai don kada ƙarar titi ta shiga masa aiki. Sana'arsa ɗaukar murya ce. Masu shaguna su zo su faɗa masa abin da suke sayarwa, ya tsara musu talla da bakinsa, su je su saka a lasifika.

A cikin kwamfutar nan akwai wata ɗauka da ta lalace, bai goge ba. Yana tsakiyar aiki na banko ƙofa ina faɗa, wai abinci ya huce, shi yana nan yana surutu da ƙarfe. Ana jin muryata kamar ta mai rabon faɗa a kasuwa. Sai shi kuma ya ce, "Inna, ina ɗauka fa!" Ya kwashe da dariya, irin tasa mai shaƙewa a ƙarshe. Daga nan ya manta bai kashe ba, muka yi ta hira, yana tsokanata a kan haƙorina da ya fita, ina ce masa ubansa ma haka ya gan ni ya aura. Hira ce ta banza, ba wata magana a ciki. Bayan rasuwarsa matarsa ta tsinto ta. Duk ranar da ƙirjina ya yi nauyi sai in ce, "'Yar nan, kunna mini." Ta kunna, ta ja ƙofa, ta bar ni da shi.

Sai kwamfutar ta fara ciwo. Tana cikin aiki sai ta ɗauke kamar an shaƙe ta. A kunna ta tashi, ta ɗan yi tafiya, ta sake ɗaukewa. Matar Auta kuwa ita ta gaji aikin, a wurinsa ta koya, tana ɗaukar muryoyin wasu tana haɗa talla, da shi muke ci. Ta ce dole a kai gyara. Na ce ƙafata ƙafarta.

"Inna, benen fa da tsawo, ga gwiwarki."

"Gwiwar tawa ce. Ɗauki akwatin mu tafi."

Wurin masu gyaran wani dogon gini ne, shaguna a jere kamar akurki, lungu matsattse, wayoyin wuta na lilo a saman kai, ko'ina warin dalma da hayaƙin janareta. Wanda aka yi mana kwatance ana ce masa Injiniya. Mutum ne fari, mai tumbi kaɗan, da tabarau a goshi, ba a ido ba. Shagonsa bai wuce a shimfiɗa tabarma biyu ba. Ya ture wasu matattun kwamfutoci daga kan benci ya ce in zauna.

Matar Auta ta fara yi masa bayani. Bai bari ta kai aya ba.

"Bod ne ya gaji," ya ce.

Na ce, "Mene ne kuma bod?"

Ya kwance murfin gefe, ya juyo mini da cikin. Ƙura ce dam, da wani koren allo shimfiɗe, an jejjera masa ƙananan abubuwa kamar gari aka hango daga sama.

"Wannan allon, Mama. Shi ne uwar komai, kowa a jikinsa yake maƙale. Sabo za mu saka, mu kwashe 'ya'yan mu kai musu sabuwar uwa."

"Ba ka da labarin yadda 'ya'ya suke ƙarewa a hannun sabuwar uwa, ko?"

Ya yi dariya, maƙwabcinsa mai gyaran firinta da ya leƙo shi ma ya taya shi.

Matar Auta ta ce, "Malam, ba za a iya gyara wannan ɗin ba? Tana tashi fa. Ka jona ta ka ga yadda take yi."

"Ni ba na gyaran bod, Madam, canzawa nake. Gyaran bod ɓata lokaci ne. Kuma ba sai na jona ba, ciwon nan na san shi kamar sunana."

Ku riƙe wannan. Bai jona ta ba. Kwamfuta ta zo da ranta, tana iya tashi, bai kunna ta ko sau ɗaya ba ya sa mata sukundireba.

A nan na yi tambayata. Na ce, "Kai yaro, akwai muryar ɗana a cikin abin nan. Ya rasu. In ka canza allon, muryar tana nan?"

"Allah ya jiƙansa. Murya ba a bod take ba, Mama." Ya sa yatsa a kan wani ɗan ƙarfe mai faɗin tafin hannu. "A nan take, cikin faifai. Shi ko ƙwarzane ba zai samu ba. Yadda na ciro shi haka zan mayar."

"Ka tabbata?"

"Mama, aikina ne fa." Ya sake yin dariyar nan.

Ina zaune ya yi komai, idona a kansa. Gaskiya ɗaya ce, hannunsa ya iya. Ya ɓalle wasu siraran alluna biyu ya ce su ne ram, ya kwantar da su a kan tsumma. Ya kwance fanka, ya hure ƙurarta har na yi atishawa. A ƙarƙashinta ya ɗago wani ɗan murabba'i, ya ce ƙwaƙwalwar ke nan, ya riƙe shi ta gefe-gefe kamar mai ɗaukar jinjiri, ya goge busasshen man da ke bayansa, ya dasa shi a sabon allon, ya ɗiga masa sabon mai. Ya ciro faifan ya ajiye shi daban. Notinan duk ya zuba su a murfin kwalba. Na ce a raina, to, wannan ya san abin da yake yi.

Sai aiki ya tsaya. Ya ɗora sabon allon a cikin akwatin, ramukan noti suka ƙi haɗuwa. Ya juya shi, suka ƙi. Ya jawo wayar akwatin wuta zai soka, bakinta daban, ramin daban. Ya yi tsaki.

"Kayan kamfani ke nan. Wannan ba irin wadda muke haɗawa ba ce, a haɗe ta zo daga kamfani. Komai nasu daban suke yi, don kada ka je wurin wani. Sai an samo wani akwatin, da wani akwatin wutar."

Na ce, "Allo sabo, akwati sabo, wuta sabuwa. To me ya rage na Auta?"

"Abin da kike so, Mama. Faifai."

Ya ce kayan ba su a ƙasa, sai ya aika an kawo, mu je zai kira. Yana maganar yana kwance tsohon allon. Ya zare shi, ko kallonsa bai yi ba, ya wurga shi cikin wani buhu da ke ƙarƙashin tebur. Na ji ƙarar faɗawarsa a kan 'yan'uwansa.

"Wancan fa?" na ce.

"Mushe ne."

"Ba ni abina in tafi da shi."

"Ki yi me da shi, Mama? Fifita?"

Mai firinta ya ƙyalƙyale da dariya. Matar Auta ta taɓa ni ta ce, "Inna, bari mana, kaya ne kawai." Ga akwatin da za a bari, ga bene da za a sauka, ga maza biyu suna mini dariya. Na tashi muka tafi.

Kayan suka yi nawa. Aka kwana, aka kwana, har mako ya juyo kafin ya kira. Muka koma muka tarar ya haɗa komai a wani sabon akwati mai fitila shuɗiya a gaba, abin sai ka ce motar amarya. Ya ce ya jira ne mu zo a kunna a gabanmu. Ya danna. Fanka ta juya, gilashi ya kawo haske. Ni dai na ga shuɗi, da farin rubutu, da wani dogon gurbi babu komai a ciki. Ban iya karatu ba, amma na iya karanta fuska. Tabarau ɗin nan ya sauko daga goshi zuwa ido.

Ya kashe, ya kunna. Shuɗi. Ya zare faifan ya jona a wata kwamfutar tasa. Ya daɗe yana kallo, yana taɓa haɓa.

"Madam, maigidan bai taɓa ba ki wata doguwar lamba ba?"

"Wadda nake shiga da ita dai na sani."

"Ba ita ba. Wata ce doguwa sosai. Ko a asusunsa na intanet?"

"Ban san sirrin asusun ba. Wayarsa kuma a wurin hatsarin ta farfashe, layin ma an daɗe da rufewa."

Na ce, "Ku daina magana ta saman kaina. Kai, me ya faru?"

Ya share wuya. Ya ce faifan a kulle yake. Ya ce irin waɗannan na kamfanin, wasunsu tun daga can suke zuwa da kulle, ko mai ita bai sani ba. Duk abin da aka ajiye a faifai a cakuɗe yake shiga, babu mai iya karanta shi sai da makulli. Makullin kuma ba a faifan yake ba. Yana cikin wani ɗan ƙanƙanin abu baƙi, bai kai ƙwayar wake ba, a manne a jikin allo. Kullum aka kunna, allon ne yake miƙa wa faifai makulli a ɓoye, shi ya sa ba mu taɓa sanin akwai shi ba.

"Wane allon?"

Ya cire tabarau ya shiga gogewa.

"Na ce wane allon? Sabon ko mushen?"

"Tsohon, Mama."

Na sunkuya da wannan gwiwar tawa na leƙa ƙarƙashin tebur. Akwai buhu, amma a lanƙwashe yake, sabo fil, babu komai a ciki sai wata 'yar waya.

Ba zan maimaita abin da na faɗa masa ba. Na dai san lungun ya cika, har masu shagunan ƙasa sun hauro. Matar Auta ta zauna a kan benci ta rufe fuska da mayafi. Shi kuwa sai cewa yake, "Mama, ki tsaya ki ji. Akwai mafita." Mafitar tasa wai a wanke faifan, a zuba masa sabon tsari, kwamfuta ta tashi garau, kuma shi ba zai karɓi ladan wannan ba.

"A wanke? Me zai fita in an wanke?"

"Komai."

"Wato ka kulle ɗana a ɗaki, ka jefar da makulli, yanzu kuma kyautar da za ka yi mini ita ce ka cinna wa ɗakin wuta."

Na tambaya ko ginin nan yana da babba. Aka ce akwai shugaban masu gyara, Ciyaman ake ce masa, yana can ƙarshen lungu. Ban jira an raka ni ba. Dattijo ne baƙi, siriri, yana cin gyaɗa a kan wata buɗaɗɗiyar kwamfuta. Ya sa aka kawo mini kujera, aka kira Injiniya. Na zayyana masa komai tiryan-tiryan.

"Mama, sai haƙuri," ya ce. "Tsautsayi ne."

"Haƙuri ina da shi tun ranar da aka shigo mini da gawa, ba shi na hauro bene in karɓa ba. Tsautsayi kuma na san kamanninsa, shi ya ɗauke mini ɗa. Wannan ba shi ba ne. Ka tambaye shi, da ya jona ta kafin ya kwance, da me zai faru?"

Ciyaman ya dubi Injiniya. Injiniya ya dubi ƙasa.

"Da ta buɗe," ya ce a hankali. "Da na kwashe abin da ke ciki, ko in sauke kullen tukuna."

Na ce, "An ce ka jona ko ba a ce ba?"

"An ce."

"Na ce ka ba ni allona ko ban ce ba?"

"Kin ce. Amma Ciyaman, ka san yadda muke yi. Kowa a ginin nan buhu gare shi. Abin da aka cire, buhu yake shiga, mai gwangwan ya zagayo ya kwashe. Ni waɗanda na saba haɗawa ba sa zuwa da kulle. Shekara nawa ina canza bod, ban taɓa..."

"Shekara nawa kana jefar da kayan mutane, ka ce," na katse shi. "Allon naka ne? Kai ka saya? Ka gan ni tsohuwa, ba boko, ka ce in yi fifita da shi."

Mai firinta, da ya biyo mu don jin ƙwaƙwaf, ya sa baki wai yana sulhu. Ya ce ai in muryar ce, akwai wani shagon katifa a bakin babban titi da har yanzu suke saka tallan marigayi, in je su tura mini. Na juya na kalle shi sai da ya ja baya.

"Na san shi. Ina bin wani titin don kada in ji. Wannan ba muryarsa ba ce, murya ce da yake arowa ya saka kamar rigar biki. Ɗana ba ya kumbura maƙogwaro in yana magana da ni. Ni katifa na zo saye?"

Ciyaman ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa. Ya ce Injiniya ya rufe shago yanzu, ya kai ni wurin mai gwangwan, da ƙafarsa, ya nemo allon. Ya ce in an same shi da rai, shi da kansa zai zauna ya tashe shi, ko na minti kaɗan ne. Wannan ce magana ta farko mai amfani da na ji a ginin. Na ce matar Auta ta zauna ta tsare faifan, kada ta bari ko ƙuda ya sauka a kansa.

Muka shiga mota ni da Injiniya. Wurin yana bayan garejin makanikai, wani fili da aka kewaye da tsofaffin kwanon rufi. Tun daga ƙofa hayaƙi ya kama ni a maƙoshi, irin na roba in tana ci. Ga firji a kife, ga talabijin an farke musu ciki, ga wayoyi an tara kamar hanji. A can gefe kuwa alluna ne, tsibi guda ya fi ni tsawo, kore a kan kore, duk kamarsu ɗaya.

Mai gwangwan ƙato ne, ya ɗaure hanci da tsumma. Injiniya ya yi masa bayani, yana kwatanta allon da hannu. Mutumin ya sauke tsumman ya dube ni.

"Mama, nan ba a ajiya. Abin da ya shigo mana da safe, kafin yamma ba shi da suna."

"Ni nawa yana da suna. Ina buhun wannan mutumin?"

"Buhunsa? Na ginin gaba ɗaya a wuri guda nake juyewa." Ya nuna tsibin da haɓa. "In yana nan, yana nan. Amma ki zo ki ga."

Ya kai ni inda wasu maza biyu suke tsugune gaban murhun gawayi. Ɗaya ya kama allo da filaya ya gasa shi a kan wuta har dalmar ta narke, ya buga shi a bakin wani daro. Ƙananan abubuwan da ke jiki suka zube, yayyaf, kamar ana kaɗe tsakuwa daga tabarma. Ya wurga allon gefe, tas, ya ɗauki wani.

"Allon daban muke sayarwa, ƙwayoyin daban," in ji mai gwangwan. "Kayan makon jiya duk sun sha wuta."

Na leƙa daron. Baƙaƙen ƙwayoyi ne cike, manya da ƙanana, wasu da ƙafafu kamar kaska. Na tsuguna na tura hannuna ciki har wuyan hannu. Da ɗumi. Na ɗebo, suka zubo ta tsakanin yatsuna. Na ce, "Wanne ne?"

Mazan biyu suka ci gaba da aikinsu. Sai mai gwangwan ya ce, a hankali wannan karon, "Wataƙila yana ciki. Wataƙila yana cikin wanda babbar mota ta tafi da shi. Fitar da hannunki, Mama, suna yanka."

Injiniya dai ya naɗe hannun riga ya faɗa wa tsibin. Zan faɗi gaskiyarsa ko da ina jin haushinsa, ya tona. Ya yi ta ɗagawa yana dubawa yana jefarwa, rana na dukansa, farar rigarsa ta koma kalar toka, yatsunsa suka fashe. Ni ina zaune a kan wani mataccen injin wanki ina kallonsa, ban ce ya huta ba. Can ya taso da wani allo a hannu. Ya ce irinsa ne, kamfani ɗaya, siffa ɗaya. Ya ce ofisoshi suna zubar da irinsu da yawa, ba zai rantse cewa namu ne ba. Ya miƙo mini. An gasa shi ya lanƙwashe, ya yi baƙi a tsakiya, babu ko ƙwaya ɗaya a jikinsa, sai ramuka.

"A nan yake zama," ya ce, ya sa yatsa a wani ɗan gurbi kusa da gefe.

Na kalli gurbin. Ɗan wuri ne da ko farcena ya fi shi faɗi. Na mayar masa da allon na ce mu tafi.

Da muka koma, matar Auta tana nan inda na bar ta, faifan a cinyarta, ta rufe shi da hannu biyu. Ta dubi hannun Injiniya, ta dubi nawa, ba ta tambaya ba. Ciyaman ya zo da kansa, masu shaguna suka tsaya a bakin ƙofa.

Ya ce hukuncinsa shi ne Injiniya ya saka sabon faifai daga aljihunsa, ya tashi kwamfutar, yarinya ta koma aikinta, tsohon faifan kuma kada a taɓa shi, a ba mu abinmu. Ya ce daga yau duk wanda ya cire wani abu daga kayan mutum, ba buhu ba, a hannun mai shi zai saka. Kuma babu mai sake kwance kwamfutar da ke tashi bai kunna ta ya duba ba. Wasu suka yi gunaguni a baya, na ji wani yana cewa yanzu saboda tsohuwa ɗaya za a sauya wa mutane aiki. Ciyaman ya ce, "Mama, hakan ya yi?"

"Ya yi wa wadda za ta zo bayana. Ni saura nawa."

"Me kike so?"

Na karɓi faifan daga hannun matar Auta na ɗora a kan tebur gaban Injiniya. Na ce ya faɗa mini gaskiya a gaban mutanen nan, ba da dariya ba, ba kuma da lallashi ba.

"Yana ciki ko ba ya ciki?"

"Yana ciki, Mama. Babu abin da ya goge. Duk abin da ya ajiye yana nan yadda ya bar shi."

"Akwai wanda zai iya buɗewa? A wani garin, a wata ƙasar, su kamfanin da kansu?"

Ya buɗe baki, na ga yana neman magana mai laushi. Na buga teburin, notinan da ke murfin kwalba suka yi tsalle.

"Babu," ya ce. "In ba lambar nan ba, babu."

"Wa ya jawo?"

"Ni ne."

"Ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

"Ni na jawo. An ce in jona na ƙi. Kin roƙi allonki na hana. Ki yafe mini, Mama, don Allah."

Na daɗe ina jiran in ji wannan, tun daga cikin hayaƙin can nake tanadin yadda zan ji sanyi in ya faɗa. Ya faɗa, ban ji komai ba. Ƙirjina yadda yake haka ya zauna.

"Ban yafe ba," na ce. "Wataƙila wata rana. Yau dai ban yafe ba, kuma kada wanda ya biyo ni da wa'azi."

Na ƙulle faifan a bakin zanina. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Matar Auta ta ce za ta dawo ta ɗauki kwamfutar in an gama, ta riƙe mini hannu muka fara sauka. A tsakiyar benen gwiwa ta ƙi, muka zauna a kan matakala, mutane suna ratsa mu da kwalaye.

"Inna," ta ce, "ni fa ban taɓa saurara har ƙarshe ba. In na kunna miki fita nake, ba na iyawa. Ina cewa sai na ƙara ƙarfi tukuna." Ta goge hanci da bakin mayafi. "Bayan maganar haƙorin, me ya ce?"

Na sani sarai. Na faɗa mata kalma bayan kalma, ban tsallake ko ɗaya ba. Ta ce, "A'a, yadda ya faɗa." Na gyara murya na gwada. Abin da ya fito muryar tsohuwa ce mai kaushi, ba ta kama da ta kowa sai tawa. Na sake gwadawa, ta ƙara lalacewa.

"Bari, Inna," ta ce. "Bari haka."

Wani mai ɗauke da talabijin a ka ya ce mu ba shi hanya. Muka matsa jikin bango ya wuce.